Fulawar Kirsimeti ta ƙi yin ja: da me za mu ƙawata gida a wannan hunturun?

Maman Tabita, Jos

Salama gare ku, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani abu da ya ɗaure mini kai, kuma lokaci yana neman ƙure mini, domin saura mako uku Kirsimeti, ga shi bana a gidanmu dangin maigidana za su taru, har da waɗanda za su taso daga Legas da Fatakwal.

Shekara biyu da suka wuce na dasa fulawar Kirsimeti, wadda masu sayarwa ke kira ponsetiya, guda uku a jikin katangar gaban gida. Bara tun ƙarshen Nuwamba suka yi ja wur, har masu wucewa suna tsayawa su ɗauki hoto. Bana kuwa sun fi bara tsawo da yawan ganye, har sun kere ni, amma kore shar suke, babu ko ɗigon ja. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, maƙwabciyata da ta yanki reshe a jikin nawa ta kafa a bayan ɗakin girkinta, inda ba ta ko waiwayarsa sai in za ta zubar da ruwan wanke-wanke, nata ya riga ya yi ja kamar garwashi. Ni ce mai zuba taki, ni ce mai ban-ruwa safe da yamma, amma ita ce da fure.

Tambaya ta biyu kuma a kan falo da baranda ce. Bishiyar roba da muka saya tun auren ƙanwata ta koɗe, rassanta sun karkace. Maigidana ya ce zai sa a saro mana kan bishiyar kasurina, doguwar nan mai siraran ganye kamar allura, daga gonar wani abokinsa mu kafa a falo, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Me kuka gani?

Baba Mai Fulawa, Bukur

Maman Tabita, sannu da ƙoƙari. Kafin in ce komai ina so ki amsa mini tambaya biyu. Shin tsakanin bara da bana an kafa wata fitila kusa da katangar nan, wadda take kwana a kunne? Sannan yaushe ne rabonki da yi musu aski?

Maman Tabita, Jos

Baba, kamar kuna gidan. A watan Yuli ɓarayi suka haura mana, shi ne maigida ya sa aka kafa fitilar sola a kan ginshiƙin ƙofa, kuma haskenta a kansu yake sauka tun magariba har gari ya waye. Aski kuwa tun watan Yuni ban sake taɓa su ba.

Baba Mai Fulawa, Bukur

To, kin sami ɓarawonki na biyu, kuma fitilar ce. Askin Yuni ba shi da laifi.

Wannan fulawa ba sanyi take jira ba, kuma ba taki take jira ba, tsawon dare take aunawa. Sai ta riƙa samun duhu na wajen awa 12 ko fiye a jere, ba tare da wani haske ya katse shi ba, dare bayan dare har tsawon makonni, kafin ta daina fitar da koren ganye ta soma fitar da ja. Ki kuma lura, abin da muke kira furen nan ba fure ba ne, ganye ne da ya sauya launi. Furen na gaskiya shi ne 'yan ƙulla-ƙullan nan masu ruwan ɗorawa da ke tsakiya, waɗanda ba kowa ke kula da su ba. Mu a nan Filato muna kusa da tsakiyar duniya, saboda haka ko a watan Disamba darenmu bai wuce awa 12 da kamar rabi ba. Wato abin da take samu daidai wa daida ne, ba shi da rara. Fitila ɗaya ta ishe ta ta ɗauka har yanzu ana cikin damina. Ta maƙwabciyarki tana bayan ɗakin girki inda babu mai haska ta, shi ya sa ta yi abin da Allah ya halicce ta ta yi. Yawan takin da kike zubawa, musamman in kashin kaji ne, shi ya ƙara mata tsawo da ganye.

Ba zan yi miki daɗin baki ba: ko yau kika kashe fitilar, ba za su yi ja kafin ranar 25 ga wata ba, domin abin yana cin mako shida zuwa takwas. Masu noma ta don sayarwa a ƙasashen waje tun ƙarshen Satumba suke fara rufe ta awa 14 kowane dare. Abin da za ki yi yanzu shi ne ki sa a juya fuskar fitilar ta kalli titi, ko a ɗaura mata ɗan kwano ta gefen da fulawar take, ki rage ruwa zuwa sau ɗaya a kwana biyu, ki dakatar da taki. Cikin ikon Allah za ki ga ja a ƙarshen Janairu. Don bikin bana kuwa, ki roƙi maƙwabciyarki rassa uku ko huɗu, tunda dai asali naki ne. In kin yanko, farin ruwa kamar madara zai riƙa fita, sai ki tsoma gindin reshen a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, ko ki ɗan babbaka shi a harshen wuta, sannan ki sa a ruwan sanyi. In ba a yi haka ba, kafin yamma ya langaɓe. Ki kiyaye kada ruwan ya shiga ido, yana da zafi.

Kawu Bitrus, Kafanchan

Bayanin Baba ya gamsar. Ni a kan tambaya ta biyu zan yi magana, kuma ina bayan maigidanki. Tun muna yara, reshen kasurina ake sarowa a kafa a bokitin yashi, a rataya masa balan-balan da katunan gaisuwa da auduga a matsayin ƙanƙara, ko a gida ko a majami'a. Ba mu san wata bishiyar roba ba sai daga baya. Yaro yana bukatar ya ga bishiya tsaye a falo, ya ji ƙanshin ɗanyen itace, ya san cewa wannan mako ba kamar sauran ba ne. Kasurina kuma ba ta mutuwa don an sare mata reshe ɗaya. Ban ga abin damuwa a nan ba.

Malam Iliya, Wusasa

Kawu, da girmamawa, ba reshe aka ce za a saro ba, kan bishiyar aka ce, kuma akwai bambanci. In aka fille kan kasurina, ba za ta mutu ba kamar yadda kuka faɗa, amma ta rabu da miƙewarta ke nan, sai ta riƙa fitar da 'yan rassa barkatai kamar tsintsiya. Duk wanda ya bi wasu titunan garuruwanmu a watan Janairu ya san irin waɗannan gundulallun bishiyoyi. Shekaru aka yi ana renonta, a sare ta don kwana goma.

Ban da haka ma, ina ganin ya kamata mu tambayi kanmu dalilin da ya sa Turawa suka shigar da koren itace ɗaki tun farko. A ƙasashensu, in hunturu ya kama, kusan dukan itatuwa sukan kaɗe ganye, gari ya yi fari fat da ƙanƙara, sai 'yan itatuwa ƙalilan ne ke riƙe da korensu. Waɗannan suka ɗauka alamar rai a tsakiyar lokacin da komai ya yi kamar ya mutu. Al'adar ta yi ƙarfi ne a Jamus tun wajen ƙarni na 16, kuma ba ta game gidajen Ingila ba sai bayan da wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, tsaye da 'ya'yansu a gaban irin wannan bishiya a shekarar 1848. Wato su da abin da ke raye a ƙofar gidansu suka yi ado. Ita kasurinar ma ba dangin waɗancan itatuwa ba ce, kama ce kawai ta yi da su. Asalinta daga wajen Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya ne.

In da za mu bi ma'anar, ba siffar ba, sai mu duba me ke raye a wurinmu a watan Disamba. Gawo yana nan, wanda ke zubar da ganye da damina, ya fito da sabo daidai lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Ba na cewa a saro gawo a kawo falo, ƙayarsa kaɗai ta isa ta kori baƙi. Amma akwai gurjiya, wadda a wannan lokaci za ka gan ta tsirara babu ganye ko ɗaya, sai manyan jajayen furanni masu kauri kamar an ƙera su da kakin zuma, suna faɗowa ƙasa da kansu. Akwai minjirya mai jan fure da manoma ke kafawa a matsayin shinge. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, takan aike mu mu tsinto furen gurjiya da sassafe kafin awaki su riga mu, ta zuba ruwa a sabuwar ƙwarya ta jera su a kai suna yawo, ta ajiye a kan teburin da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Har yau ban ga adon da ya kai wannan ba, kuma ko kwabo ba ta kashe ba.

Kawu Bitrus, Kafanchan

Malam, na ji tarihin, na kuma gode. Amma da wannan ma'aunin naka, ita ponsetiyar da muke ta magana a kanta ai ba 'yar Zazzau ba ce. Me ya sa ita ba ka kore ta ba? Kuma ka gwada ce wa jikokina ga ƙwarya da furen gurjiya a madadin bishiya, ka ga irin kallon da za su yi maka.

Malam Iliya, Wusasa

Gaskiyarku, Kawu, baƙuwa ce. Daga Meziko take, inda mutanen Aztek suke samun jan rini daga gare ta tun kafin zuwan Turawa, kuma sunan da muke kiranta da shi na Joel Poinsett ne, jakadan Amurka na farko a Meziko, wanda ya aika da ita ƙasarsu a ƙarshen shekarun 1820. Amma ni ba baƙunci nake ƙi ba. Mangwaro baƙo ne, darbejiya baƙuwa ce, wa zai ce a tumɓuke su? Ponsetiya ta zo ta tarar da yanayi irin na garinsu, ta zauna a ƙasa, tana girma har ta fi mutum tsawo, tana yin ja da kanta a kan kari, ba sai an kashe ta ba kafin a more ta. Abin da nake ƙi shi ne a lalata itace mai rai don a kwaikwayi hoton da ke jikin kati. In jikokinku bishiya suke so, a saya musu mai rai a tukunya.

Yaya Saratu, Mancesta, Ingila

Ina gaishe da iyayena. Ina karanta wannan muhawara ina murmushi, domin abin da Maman Tabita ke kuka a kansa, a nan kuɗi ake sakawa a saya, kuma ba ya kai ko gwiwa. Ponsetiyar nan a ɗan ƙaramin gwangwanin roba take zuwa manyan kantuna tun Nuwamba, kuma ba ta jure sanyi ko kaɗan. Shekarata ta farko na sayo ɗaya, na riƙo ta a hannu daga kanti zuwa tashar bas ba tare da na naɗe ta ba, kafin kwana huɗu ganyen ya zube saura sanduna. Ranar da na nuna wa wata abokiyar aikina hoton ta gidanmu a Jos, wadda ta kai tagar bene, cewa ta yi ba iri ɗaya ba ne.

Game da saran bishiya, ina so in gyara wani abu kaɗan don kada a ɗauka Turawa daji suke shiga su yi ɓarna. Mafi yawan bishiyoyin da ake sayarwa a nan noma su ake yi a gonaki na musamman, a yi shekara bakwai zuwa goma ana renonsu don wannan rana, in an sare a dasa wasu, bayan biki kuma ƙaramar hukuma ta kwashe ta niƙe su a mayar taki. Ko babbar da ake kafawa a dandalin Trafalga a Landan, birnin Oslo ne ke aiko da ita kowace shekara tun 1947, a matsayin godiya kan taimakon da Birtaniya ta yi wa Norwe a Yaƙin Duniya na Biyu. Mu a gida ba mu da irin waɗannan gonaki, shi ya sa nake ganin maganar Malam Iliya tana da ƙarfi. Sannan a nan ma ana gargaɗi a riƙa zuba wa sararriyar bishiya ruwa kullum, alhali iskarsu da laima. Ku yi tunanin abin da iskar hunturun Jos za ta yi mata cikin kwana biyar.

Hajiya Mai Lambu, Kano

Assalamu alaikum. Ni ba Kirsimeti nake yi ba, amma watan Disamba watan biki ne a wurinmu ma, saboda yara suna hutu, 'yan'uwa na nesa suna gida. Bara a cikinsa na aurar da 'yata, kuma da shuke-shuken gidana na ƙawata wajen kamu, saboda haka bari in sa baki.

Maman Tabita, tunda mako uku ne ya rage miki, ki manta da duk abin da sai an jira shi. Ki je wurin masu fulawa na bakin titi ki sayi abin da ya riga ya yi fure a leda. Na farko da zan ce miki shi ne bogambiliya, mai furen nan kamar takarda, ja da shunayya da fari da ruwan goro. Wannan ne lokacinta. Sirrinta ɗaya ne, kuma kishiyar abin da hankali zai ba ki ne: in kika shagwaɓa ta da ruwa da taki sai ta yi ta ganye ta ƙi fure, in kika bar ta ta ɗan ji ƙishirwa a cikin rana sai ta rufe kanta da launi. Amma ba ta son a taɓa saiwarta. Kada ki fasa ƙasar da ke cikin ledar, ki yanke ledar da reza ki zura ta yadda take a cikin tukunya, in ba haka ba duk furen zai zube kafin baƙi su iso. Wasu ma ledar gaba ɗaya suke sakawa a cikin tukunyar su rufe bakin da tsakuwa, sai bayan biki su dasa.

Tukunya kuwa, ni na daina sayen na roba da na siminti. Tsofaffin randuna da tulunan da suka tsage nake karɓa a wurin maƙwabta, in huda gindin, in sa fasassun kasko a ƙasa kafin ƙasa. Suna riƙe sanyi, kuma jan ƙasarsu yana fito da launin fure fiye da kowane fenti. Haɗin ƙasata shi ne jigawa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen kashin awaki kashi ɗaya. Na ce ruɓaɓɓe, domin ɗanye ƙona saiwa yake yi.

Sai shukar nan da ake kira kariya. Mutane suna wuce ta a daji da maƙabartu ba sa ɗaukarta a bakin komai, alhali a ƙasashen waje tsada gare ta. Gindinta ƙato kamar tulu, rassanta tsirara, furenta ja da fari, kuma da rani take yinsa. Biyu a bakin ƙofa, dama da hagu, sun isa. Sai dai tunda kin ce gidan zai cika da yara, ki ɗora ta inda hannu ba ya kaiwa, domin ruwan jikinta dafi ne na gaske, har mafarauta sun san shi. Wannan ya fi na ponsetiya haɗari nesa ba kusa ba.

Maman Tabita, Jos

Hajiya, Allah ya saka da alheri, Allah ya ba amarya zaman lafiya. Akwai randa biyu a bayan gida da na yi niyyar zubarwa. Amma ina da damuwar ruwa, domin famfonmu sai ya yi mako bai kawo ba, daga 'yan garuwa muke saya, kuma in gida ya cika da mutane ruwan wanka ma sai an yi lissafi.

Abdu Ɗan Maraɗi

Mama, a kan ruwa ku bari mu mutanen Nijar mu yi magana, don mu ne muka fi sanin darajarsa. Ruwan da aka wanke shinkafa ko kayan miya da shi, da ruwan ɗauraya na ƙarshe, duk suna shayar da tukunya. Wanda za ku guje wa shi ne mai omo da yawa, da mai bilic, da mai maiƙo ko gishiri. Ku zuba da safe bayan rana ta ɗan ɗaga, a gindi, ba a kan ganye ba. Ku rufe bakin tukunyar da ɓawon gyaɗa ko tsakuwa don kada iska ta shanye laimar, sai dai in da gara a gidan, tsakuwa ta fi. Ku kuma tara tukwanen wuri ɗaya a gefen da gini ya tare iskar gabas maimakon ku warwatsa su, domin suna yi wa juna inuwa.

Amma ni abin da nake so in ƙara shi ne adon da ba ya shan ruwa sam. Yanzu aka gama girbi. Ku sami karan zoɓo da ba a ɓare ba, da jajayen kawunansa a jiki, ku haɗa da zangarniyar gero da ta jar dawa, ku tsaya su a cikin tulu a kusurwar falo. Zai yi wata biyu bai canza ba. Zoben ganyen nan da Turawa ke ratayawa a ƙofa kuma, duk macen da ta iya saƙa faifai za ta yi muku shi da kabar goriba cikin awa ɗaya, ku soka masa zoɓo da busasshen barkono ja. Wani maƙwabcinmu ɗan Benin haka matarsa take yi kowace shekara.

Kaka Ladi, Kaduna

'Ya'yana, na ga kowa yana maganar kyau, babu mai maganar wuta. Shekara huɗu da suka wuce, a wata majami'a da nake zuwa a lokacin, matasa suka yi wa bagade ado da rassan kasurina da busasshiyar ciyawa don su kwatanta komin dabbobi da aka haifi Yesu a ciki, suka naɗe shi da 'yan fitilun nan masu walƙiya na araha. An kafa shi tun mako guda kafin ranar, ya bushe ƙamas. A daren waƙoƙi, muna tsakiyar waƙa ta uku, wayar ta yi tartsatsi. Ban taɓa ganin abu ya kama da sauri haka ba, kafin a ɗauko bokiti harshen wutar ya lashi silin. Allah ya kiyaye babu wanda ya ƙone, amma labule da rigunan mawaƙa biyu sun tafi. Tun daga nan mu 'yan zumuntar mata muka karɓi aikin, kuma ba ma kafa ɗanyen ganye sai ana gobe biki.

Saboda haka, Abdu, zangarniyarka tana da kyau, amma a nisanta ta da kyandir da soket da risho, a kuma nisanta ta da taga, saboda yaran da ke jefa abin fashewar nan a kan titi. Kawu Bitrus kuma, in dai sai an saro, to a saro reshen gefe ranar 23 ga wata, a tsoma shi a jiƙaƙƙen yashi, a fitar da shi kafin sabuwar shekara.

Kawu Bitrus, Kafanchan

Kaka, maganarku ba ta da musu. Na sauko daga kan bishiyar zuwa reshen gefe, amma ban sauko zuwa ƙwaryar Malam Iliya ba.

Baba Mai Fulawa, Bukur

Tunda Kawu ya sauko rabin hanya, bari in nuna masa sauran. A wurin masu fulawa na Jos akwai bishiyoyi masu rai da suke da siffar da yake so. Akwai wadda ake kira tuja, mai lallausan ganye kamar an goge shi da dutsen guga, tana tashi da tsini da kanta. Akwai kuma arokariya, mai rassa hawa-hawa kamar an auna su da ma'auni, wadda asalinta wani ɗan tsibiri ne mai suna Nofok a tekun Fasifik. Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, dare kuma yakan yi sanyi sosai a wannan lokaci, saboda haka dukansu suna jin daɗin garin fiye da yadda za su ji a Kano ko Sakkwato, inda sai an ɓoye su daga zafin Afrilu. Mai tsawon ƙugu za ta fi reshen kyauta tsada, babu shakka, amma sau ɗaya za a saya. A shigar da ita falo kwana goma kusa da taga, a rataya mata abubuwa marasa nauyi, bayan biki a mayar da ita baranda inda rana ba ta dukanta tsaye. Tawa shekararta tara a hannuna, duk shekara biyu ina sauya mata tukunya, kuma jikokina a jikinta suke auna tsawonsu.

Abu ɗaya da hunturu ke yi wa duk waɗannan shi ne ƙura. Masu faffaɗan ganye, irin su moɗa da ake sawa a falo, a goge su da jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya a mako. Kada a shafa musu man gyaɗa ko madara don su yi ƙyalli, kamar yadda na ga wasu suna yi, ƙurar ce za ta manne ta toshe su. Masu ƙananan ganye kuwa a fitar da su a watsa musu ruwa da safe. In kin ga farin ƙwaro kamar auduga a ƙarƙashin ganye, ki jiƙa dakakken ganyen darbejiya ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulun salo kaɗan, ki fesa da yamma.

Yaya Saratu, Mancesta, Ingila

Baba, wani abu da na manta, wanda zai ba ku dariya. A nan akwai wani ganye mai fararen 'ya'ya da suke saye su rataya a saman ƙofa a wannan lokaci, har da wata al'adarsu ta sumba a ƙarƙashinsa. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane cewa kauci ne, ɗan'uwan wanda ke fitowa a kan ɗorawa da kaɗanya a gida, wanda tsuntsaye ke shukawa. Namu furensa ja ne siriri kamar tsinken ashana, ya ma fi nasu kyau. Na ce wa mahaifiyata ta rataya shi a ƙofa, ta ce in mutane suka gani za su ce magani ta yi wa gidan.

Malam Iliya, Wusasa

Mahaifiyarki ta fi ki gaskiya, Saratu. Wannan kam a bar wa Turawa.

Maman Tabita, Jos

Barkanmu da sabuwar shekara, iyaye da 'yan'uwa. Na dawo in ba da rahoto, tunda kun yi mini ɗawainiya.

Maigida ya haƙura da saran kasurina bayan da na karanta masa labarin Kaka Ladi. Mun sayi tuja mai tsawon ƙirjina, yara suka rataya mata taurarin da suka yanka da kwali da kuma alawa, wadda ba ta kai ranar bikin ba. Randunan nan biyu na sa musu bogambiliya ja a bakin ƙofa yadda Hajiya ta ce, ɗaya ta riƙe furenta, ɗaya kuma akuyar maƙwabta ta shigo ranar da aka bar ƙofa buɗe ana sauke kaya, ta aske mata gefe guda. Kariya ban saya ba saboda yara. Zoɓo da zangarniyar dawa suna nan a tulu har yanzu, kuma surukata, wadda ba ta cika yaba abu ba, ta tambaye ni ko zan bar mata su in ta tashi komawa. Furen gurjiya ban samu ba, Malam, amma wani ɗan'uwan maigida ya ce akwai bishiyar a ƙauyensu, zai zo mini da shi baɗi.

Maƙwabciyata ta ba ni rassa biyar. Uku na tsoma a ruwan zafi, biyu na manta, kuma waɗannan biyun ne suka langaɓe kafin a gama cin shinkafa. Fitilar sola an ɗaura mata ɗan kwano tun washegarin da Baba ya faɗa. Jiya da safe ina shara na ɗaga kai, sai na ga 'yan ƙananan ganyen da ke kan reshe mafi nisa da ƙofa sun soma yin ja a gefe-gefe. Baba, yaushe zan yi musu aski in sun gama, kuma iya ina zan yanke?